Damina Ɗaya Ce a Shekara: Sharhi a Kan Littafin The Lean Startup Daga Tamale

Duk wanda yake zama da matasan Tamale masu burin kafa kamfanin fasaha zai lura cewa bakinsu ɗaya ne. Kalmominsu iri ɗaya, misalansu iri ɗaya, hatta yadda suke jera bayani iri ɗaya ne. Aikina gabatar da shiri a rediyo, ina zaune a Jisonayili, unguwar da ofisoshin ƙungiyoyin raya karkara suka yi wa yawa, kuma na daɗe ina karɓar baƙuncin irin waɗannan matasa a shirina. In ka bi sawun maganarsu, za ka tarar yawancinta daga littafi guda ta fito, wato The Lean Startup na Eric Ries, wanda aka buga a Amurka a 2011. Wasu sun karanta shi, wasu a wajen horo aka tsakuro musu, wasu kuwa a YouTube suka ji. Littafin da ya shiga bakin jama'a haka ya cancanci a zauna a yi masa sharhi, a auna shi da mudun garinmu.

Bari in fara da abin da littafin ya ƙunsa, saboda mai karatun da bai taɓa cin karo da shi ba. Ries injiniyan kwamfuta ne, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin IMVU a 2004. Ya ba da labarin yadda suka shafe wata shida suna gina manhajar da za ta manne da manhajojin hira da mutane suka saba da su, suka kwana suka tashi a kanta, da suka fito da ita sai suka tarar ba haka mutane suke so ba. Daga wannan asara ya ciro darasinsa. A ganinsa sabon kamfani bai san abin da zai sayar ba tukuna, hasashe kawai yake yi, don haka aikinsa na farko shi ne ya gwada hasashen da sauri kuma da araha. A gina ɗan ƙaramin samfuri, a kai wa mutane, a auna abin da suka yi da shi, a ɗauki darasi, a sake zagayowa. In alƙaluma sun nuna hanya ba ta ɓullewa, a sauya akala tun kuɗi bai ƙare ba. Ya aro dabaru da dama daga masana'antar Toyota ta Japan, ya kuma ɗora a kan koyarwar malaminsa Steve Blank. Misalin da aka fi maimaitawa shi ne na Zappos: mai kamfanin, Nick Swinmurn, bai gina rumbun ajiya ba, shagunan takalma ya riƙa bi yana ɗaukar hoto yana sawa a intanet, in an yi oda ya koma shagon ya saya ya aika.

Gaskiya ɗaya ce, akwai wuraren da littafin ya yi daidai, kuma Ghana ta ba da shaida a kansu. Ries ya yi kakkausar suka ga abin da zan kira alƙaluman burga, wato yawan waɗanda suka sauke manhaja ko suka yi rajista, lambobin da suke cika ido amma ba sa nuna ko akwai mai biyan kuɗi. Kamfanin hada-hadar kuɗi na Dash, wanda aka kafa a 2019, ya tara jarin da ya haura dala miliyan 80 daga masu zuba jari na waje. A 2022 Babban Bankin Ghana ya dakatar da aikinsa a ƙasar saboda rashin izini, daga baya rahotannin jaridu suka ce bincike ya nuna an kumbura adadin masu amfani da shi, kuma a watan Oktoba na 2023 ya rufe. Da masu jarin sun riƙe wannan babi na Ries da kyau, da sun yi tambayoyin da suka kamata tun da wuri.

Batun sauya akala ma muna da shaidarsa a gida. Esoko ya fara a 2005 da sunan TradeNet, yana aika wa manoma farashin kasuwanni ta saƙon waya. Tafiya ta yi tafiya aka fahimci cewa manomi da yawa ba ya karanta saƙon Turanci, sai aka ƙara saƙon murya da layin da mutum zai kira a yi masa bayani da harshensa. A nan Tamale kuwa, Alima Bawah da Peter Awin sun kafa Cowtribe a 2016. Da farko dabarar ita ce a haɗa mai dabba da likitan dabbobi ta waya, daga baya ƙarfin aikin ya karkata ga kai allurar rigakafi har ƙauye. Wannan shi ne abin da littafin yake koyarwa, kuma ya yi amfani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To ina matsalar take? Matsalar tana cikin wani zato da littafin ya ginu a kansa ba tare da ya tsaya ya duba shi ba: cewa gwaji abu ne mai araha, kuma in ya faɗi, mai kamfani ne zai ɗauki asarar. A duniyar da Ries ya fito haka ne. IMVU yakan sabunta manhajarsa sau da dama a rana guda. In an yi kuskure da safe, kafin azahar an gyara, wanda abin ya shafa kuwa bai rasa komai ba sai 'yan mintoci. Amma yawancin dabarun da matasanmu suke kawowa sun shafi noma da kiwo ne, domin nan ne rayuwar arewacin Ghana take. Mu kuma damina ɗaya gare mu a shekara, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Kudancin ƙasar ne yake da biyu. Idan manhajarka ta ce wa manomin Savelugu ko Tolon ya yi shuka a makon nan, ya yi, ruwa ya ɗauke, kai ka samu darasi ka rubuta a littafinka, shi kuwa ya rasa iri da taki da abincin shekara. Zagayen gwajin da Ries yake ƙirgawa da kwanaki, a gonar masara wata goma sha biyu ne. Kowa ya tuna 2024, lokacin da ruwa ya ɗauke makonni a tsakiyar damina, amfanin gona ya ƙone a faɗin arewa, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya zuwa waje a ƙarshen watan Agusta. A irin wannan shekara, wa yake da gonar da zai ba ka ka yi gwaji?

Haka abin yake a kiwo. Allurar rigakafi ba ta da rabi. Ko dai an ajiye ta a sanyin da ya dace tun daga rumbu har jikin akuya, ko kuwa ta zama ruwan banza. Matar da ta biya kuɗi aka yi wa kajinta rigakafi, hunturu ya shigo annoba ta kwashe su, ba za ta ce samfurin gwaji ne ba. Cewa za ta yi an cuce ta, kuma za ta faɗa wa duk matan unguwarsu. Abin da nake girmama kamfanoni irin Cowtribe a kai shi ne sun shiga ɓangaren da babu ƙyalƙyali a cikinsa: firji, babur, man fetur, wakili a ƙauye, rajistar dabbobi. Littafin Ries bai da abin faɗa mai yawa a kan wannan, domin a ƙasarsu titi da wuta da gidan waya da adireshi duk suna nan kafin a haifi kamfanin. Mai Zappos ya iya gwajinsa ne saboda akwai wanda zai kai takalmin ƙofar gida. Namu matashin sai ya gina hanyar kafin ya gwada kayan.

Abu na biyu shi ne amana. Littafin yana ɗaukar masu saye kamar kogi, in ka ɓata wa waɗannan rai wasu na tafe. Har ya kwantar wa mai kamfani hankali cewa kada ya ji tsoron fitar da abu mara kyau, tunda a farko ba kowa ya san shi ba. A Tamale kowa ya san ka. An san gidanku, an san masallacin da babanka yake salla, an san wadda ka aura. Kuma mutanen nan an sha sararsu. An yi DKM, kamfanin ba da lamuni da ya durƙushe da kuɗin jama'a wajen 2015 zuwa 2016. An yi Menzgold a 2018. A watan Mayu na 2019 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan kamfanonin lamuni 347 a rana ɗaya. Kafin nan an yi ta cece-kuce a kan aikin kiwon zabi na hukumar SADA, wadda aka kafa don ta raya arewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk lokacin da na buɗe layi bayan hira da mai sabuwar manhaja, tambayar da ta fi yawa daga masu sauraro ba ta shafi yadda manhajar take aiki ba. Tambayarsu ita ce in abu ya lalace gidan wa za su je, wa za su kama.

Dubi MoMo. MTN ya fara shi a Ghana a 2009, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya kama ƙasa sosai. Abin da ya tsayar da shi da ƙafafunsa shi ne wakilin nan da ke zaune ƙarƙashin laima ko cikin ɗan kiyos a bakin kasuwar Aboabo, wanda in kuɗinki ya maƙale za ki je ki tsaya a kansa. Fasahar da ke ciki ma ba ta buƙatar babbar waya ko data, 'yan lambobi ne ake dannawa. Mutanenmu sun yarda da shi ne ta hanyar da suka yarda da mai karɓar adashi: fuska ce da aka sani, kullum tana wuri ɗaya.

Abu na uku ya fi damuna, kuma a nan laifin ba na Ries kaɗai ba ne, har da yadda muka karɓi littafin. Gaba ɗaya koyarwarsa ita ce ka saurari mai saye. Amma wa ke biyan kuɗi a nan? Manomi ba ya iya biyan abin da zai riƙe kamfani, bankuna kuwa ba a maganarsu, domin a 2023 kuɗin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 30 cikin ɗari. Saboda haka kuɗin da ke yawo na gasa ne da na tallafin ƙungiyoyi. Sannu a hankali sai mai ba da tallafi ya zama shi ne ainihin mai saye, manomi kuma ya koma hoton da ake sawa a shafin farko na rahoto. Na ga matasa masu kaifin basira da suka ƙware wajen bayanin minti uku da Turanci a gaban alƙalan gasa, amma da na ce su maimaita shi da Hausa ko Dagbani don masu sauraro, sai magana ta tsaya. Na ga dabara ɗaya ta sauya riga sau uku cikin shekara biyu: bana ta mata ce, baɗi ta sauyin yanayi, yanzu kuma kowace takarda sai an liƙa mata ƙirƙirarriyar basira. Su suna kiran wannan sauya akala. Ries yana nufin ka sauya saboda abin da mai saye ya nuna maka. Wannan kuwa bin inuwar kuɗi ne. Kuma adadin manoman da aka ce an kai gare su, wanda ake cika rahotanni da shi, shi ne alƙaluman burga na gidanmu. Cibiyoyin horo irin su HOPin Academy, da Jami'ar UDS, da Jami'ar Fasaha ta Tamale suna fitar da yara masu hannu. Abin takaici ne kasuwar da ke jiransu ta fi saka wa mai iya rubuta takardar neman tallafi fiye da mai iya sayar da kaya.

Akwai kuma guguwar da ba ta cikin lissafin littafin. Ries ya yi magana a kan rashin tabbas, amma nasa rashin tabbas ɗin na halin mai saye ne. Namu har da ƙasar da kake tsaye a kanta. A watan Mayu na 2022 aka ɗora harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan tura kuɗi ta waya, aka rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka soke shi a Afrilun 2025. Duk wanda ya gina kasuwancinsa a kan MoMo sai da ya sake lissafi sau uku. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, sidi ya zube, wanda yake biyan kuɗin ajiyar bayanai da dala yana karɓar sidi ya ga ta kansa. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, aka yi kwanaki ana fama. A watan Mayun wannan shekarar kamfanin kai abinci na Glovo ya tattara ya bar Ghana. Wane gwaji ne zai nuna maka waɗannan tun kafin su zo? A irin wannan yanayi, kamfanin da ya rage ƙiba har ya zama ba shi da ajiya, iska ɗaya ce za ta kayar da shi.

Abin mamaki, tarihinmu yana da misalin da ya fi na littafin dacewa da mu. Daga Tamale zuwa Salaga ba nisa, kuma Salaga ce babbar kasuwar goro da fataken Hausa suka yi ta zuwa daga Kano da Katsina, abin da ake kira fataucin Gwanja. Tafiyar watanni ce, bashi ake bayarwa ba takarda, amma tsarin ya yi aiki saboda akwai madugu mai jan ayari, akwai mai gida da ke saukar da baƙo ya tsaya masa, akwai dillali. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 kasuwar ta watse, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa, suka ɗauki tsarin suka tafi da shi. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan fatauci ya tashi. Da jiragen ruwa suka kankama a gaɓar teku, yana cikin na farko da suka riƙa ɗora goro daga Accra da Sekondi zuwa Legas maimakon doguwar tafiyar ƙasa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, sai ya juya can, ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Fasaha ta sauya masa sau biyu, kasuwa ta sauya, shi ma ya sauya. Abin da bai taɓa sanyawa a gwaji ba shi ne sunansa da yaransa da ke ƙauyuka suna saye da bashinsa. Ya sauya kaya da hanya, ya riƙe mutane. Wannan shi ne babin da ya ɓace a littafin Ries.

Ta fuskar rubutu, littafin yana da daɗin karantawa a kashinsa na farko, musamman inda marubucin yake ba da labarin kunyar da ya sha a IMVU. Daga tsakiya sai ya fara maimaita kansa, ya cika da sababbin laƙabobi ga abubuwan da 'yar kasuwar Aboabo ta sani tun tana yarinya. Mai koko da ta dama rabin tukunya ranar farko don ta ga ko za a saya, ba ta jira an buga littafi ba. Misalansa kusan duk na kamfanonin manhaja ne na Amurka. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na wani kamfanin wanki a Bangalore ta Indiya, da ya ɗora injin wanki a bayan mota ya tsaya a bakin titi don ya ga ko mutane za su miƙa tufafinsu. Sai kuma labarin injiniyan Toyota, Yuji Yokoya, wanda ya tuƙa mota sama da mil 53,000 a Amurka da Kanada da Meziko kafin ya sake fasalin motar Sienna. Da ni ne mai koyar da littafin a Tamale, da daga wannan labari zan fara, domin Bahaushe ya riga ya ce zuwa da kai ya fi aike. Yaro ya hau babur ya kwana uku a Karaga ko Gushegu kafin ya buɗe kwamfuta.

Hukuncina a kan littafin shi ne a karanta shi, amma a karanta shi da tambayoyi uku a hannu. In gwajin nan ya faɗi, wa zai kwana da yunwa? In na sauya akala gobe, wa na bari a hanya da alkawarin da na yi masa? Kuma wanda nake cewa ina yi wa aiki, ya taɓa ciro sidi ɗaya daga aljihunsa ya ba ni? Matashin da ya iya amsa waɗannan zai amfana da Ries ƙwarai. Zai gwada a kan kadada ɗaya da ya ɗauki nauyin asararta da kansa, zai yi amfani da rani wajen gwada abin da ba ya jiran ruwa, zai sa muryarsa a rediyo da saƙon murya na WhatsApp da harshen da ake ciniki da shi, zai kuma nemi mai gida a kowane ƙauye kafin ya nemi mai zuba jari a Landan.

Saura kuma namu, marubuta da 'yan jarida. Kayan aro ba ya rufe katara. Shekara da shekaru muna da Esoko da Farmerline da Cowtribe, muna da waɗanda suka tsaya da waɗanda suka faɗi, muna da matan da ke sarrafa man kaɗanya suna sayarwa har ƙasashen waje, amma labarinsu yana kwance cikin rahotannin Turanci da aka rubuta don mai ba da tallafi ya ji daɗi. Matasan da suka tsayar da Wikipedia ta Dagbani a 2021 sun nuna cewa ana iya zama a Tamale a rubuta ilimi da harshen gida. Ina fata cikin masu karanta wannan sharhi a samu wanda zai ɗauki rikoda ya bi waɗannan 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su nawa suka zuba, nawa suka rasa, wa ya tsaya musu ranar da abu ya ɓaci, ya rubuta mana shi da Hausa. Ranar da aka buga shi, ni zan fara karanta shi a iska.